Jinyar da Ke Biyo Bayan Dashen Ƙoda da Fankiriyas

Wanda ake yi wa dashen ƙoda da fankiriyas a lokaci guda yawanci mutum ne da ciwon suga ya kama tun yana yaro. Ya yi shekara ashirin ko talatin yana soka wa kansa allurar insulin sau uku ko huɗu a rana, sannan sugan ya ci ƙodojinsa har suka gaza, aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda. Idan aikin ya yi kyau, tun yana kan gadon tiyata, ko cikin 'yan sa'o'i da fitowarsa, sugan jininsa zai sauko ya zauna inda na mai lafiya yake zama. Sai a tsayar da insulin, jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado kuma ta fara cika. Ciwo biyu da suka mallake rayuwarsa sun sake shi a rana ɗaya. Duk wanda ya san wahalar da mai irin wannan ciwo yake sha ba zai raina wannan ba.

Sai dai dangi da yawa a nan suke tsayar da lissafinsu, su ɗauka da an fito daga tiyata an gama. Ba a nan gizo yake saƙar ba. Tiyatar ta kwana ɗaya ce, riƙon abin da aka dasa kuwa aiki ne na kowace safiya da kowane dare har iyakar rayuwa, kuma mafi yawansa a hannun majinyacin da mutanen gidansa yake, ba a hannun likitan da ya riƙe wuƙa ba.

Fankiriyas wata gaɓa ce doguwa mai laushi da ke kwance a bayan tumbi. Aiki biyu take yi: tana zuba ruwan narkar da abinci a cikin hanji, tana kuma sakin insulin a cikin jini domin daidaita suga. A nau'in farko na ciwon suga, garkuwar jikin mutum ce da kanta take kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. Idan aka dasa wa irin wannan mutum ƙoda kaɗai, sugan da ya lalata ta farko yana nan yana jiran sabuwar. Tunda kuma dole ne ya sha maganin danne garkuwar jiki saboda ƙodar, sai likitoci suka ga a haɗa masa da fankiriyas daga jikin mamaci guda, magani ɗaya ya tsare gaɓoɓi biyu. An fara gwada wannan a watan Disamba na 1966 a Jami'ar Minnesota da ke Amurka, inda William Kelly da Richard Lillehei suka yi wa wata mata mai shekara 28. Ta yi kwana shida ba ta buƙaci insulin ba, daga baya matsaloli suka taso, ta rasu bayan watanni kaɗan. Shekaru da dama aikin bai kankama ba, sai da aka samu magunguna masu ƙarfi: sayikulosforin a 1983, takurolimus a 1994, maikofenolet a 1995. Yau a Amurka ana yin dashen fankiriyas kusan 1,000 a shekara, mafi yawansa tare da ƙoda. A Ingila ma akwai cibiyoyi irin na Oxford da suka shahara da shi. Akan yi wa wasu masu nau'i na biyu na ciwon suga, waɗanda ke kan insulin kuma ba su da ƙiba sosai, amma ba su ne masu yawa ba.

Aikin yakan ci sa'a huɗu zuwa takwas. Ana tsaga tsakiyar ciki daga saman cibiya zuwa ƙasan mara. Ba a cire tsofaffin ƙodoji, ba a cire tsohuwar fankiriyas, domin ita tana ci gaba da aikinta na narkar da abinci. Sabuwar fankiriyas yawanci ana kwantar da ita a ɓangaren dama, ƙodar a hagu, a ɗinke jijiyoyinsu da manyan jijiyoyin jini na ƙasan ciki. Fankiriyas tana zuwa da ɗan guntun hanjin mai bayarwa a manne da ita, shi ake ɗinkawa a hanjin majinyaci domin ruwan narkar da abincin da take fitarwa ya samu hanyar wucewa. A shekarun 1980 da farkon 1990 an fi juyar da wannan ruwa zuwa mafitsara, amma yana ƙona ta, yana jawo ciwon fitsari da ƙarancin ruwa a jiki, shi ya sa yawancin cibiyoyi suka koma haɗawa da hanji. Sanin wannan tsari yana da amfani ga mai jinya, domin kusan duk matsalar makonnin farko daga waɗannan ɗinke-ɗinke take tasowa.

A rana ta biyu, wanda ya leƙa sashen kulawa ta musamman zai tarar da mutum kwance da roba a hanci mai janyo ruwan tumbi, wata a wuya ta ƙarin ruwa da magani, wata a hannu mai auna bugun jini, robar fitsari, da ƙananan robobi biyu ko uku da suka fito ta gefen ciki suna ɗigar da ruwa ja-ja a cikin 'yan jakunkuna. Bakinsa a bushe, ba a ba shi abinci ba tukuna, sai dai a jiƙa masa leɓe. Kowace sa'a nas za ta zo ta huda masa yatsa, ta duba sugan, ta rubuta, ta ɗaga jakar fitsari ta auna. Majinyacin da ya saba ganin lambobi suna hawa suna sauka kamar ba su da linzami, sai ya ga 5 da ɗigo, bayan sa'a ɗaya 6, bayan wata sa'ar 5 kuma. Wannan huda yatsa na kowace sa'a ba don a faranta masa rai ake yi ba. Tsaro ne. Babban abin da ake tsoro a kwanakin farko shi ne jini ya daskare a jijiyar sabuwar fankiriyas, kuma alamarsa ta farko ita ce suga ya yi tsalle ba zato.

Dalilin wannan daskarewa yana cikin halittar gaɓar. Ƙoda tana shan jini da yawa, yana ratsa ta da gudu. Fankiriyas kuwa jininta a hankali yake tafiya, kuma kowa ya san ruwan da ke tafiya a hankali a kwata shi ne yake tara laka. Ga kuma kumburin da gaɓar take yi saboda an cire ta, an sanyaya ta, an ɗauko ta daga nesa. Cikin mutum 100, kimanin 5 zuwa 10 sukan rasa sabuwar fankiriyas ta wannan hanya, galibi a makon farko. Shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini irin su hefarin da asfirin. To amma tsinka jini ga wanda aka yi wa sabon ɗinki a manyan jijiyoyi yana buɗe ƙofar zubar jini. Gaba kura, baya sayaki. Likitoci kullum suna ƙara wa suna rage wa, kuma ba abin mamaki ba ne a mayar da mutum ɗakin tiyata karo na biyu don a wanke ciki, ko a tsayar da jini, ko a gyara ɗinkin hanji da ya yi yoyo. Wannan yana faruwa fiye da yadda yake faruwa a dashen ƙoda kaɗai, nesa ba kusa ba. Dangin da aka sanar da su haka tun kafin a shiga, ba za su ɗauka an yi ganganci ba idan suka ji an ce za a koma.

Tun washegarin tiyata ma'aikatan jinya za su matsa wa majinyaci ya zauna, ya yi dogon numfashi, ya yi tari yana rungume da matashi a kan ɗinkin, kwana ɗaya ko biyu kuma ya taka. Yana da zafi, kuma mai jinya mai tausayi zai so ya ce a ƙyale shi ya huta. Kada ya ce. Kwanciya ce take kawo ciwon huhu da gudan jini a ƙafa, ita ce kuma take hana hanji farkawa. Hanjin mai ciwon suga na shekaru da yawa dama malalaci ne, domin sugan ya taɓa jijiyoyin da ke motsa shi, don haka tashin zuciya da amai da kumburin ciki sukan daɗe. Ranar da majinyaci ya fara fitar da iska, ma'aikatan sukan yi murna da gaske, domin ita ce shaidar cewa za a iya cire robar hanci a fara kurɓar ruwa.

Akwai wani juyi da yake rikita kusan kowa. Mai wankin ƙoda ya yi shekaru ana ce masa kada ya sha ruwa ya wuce ƙima, har ya saba da ƙishirwa. Yanzu sai a ce ya sha lita biyu zuwa uku a rana, wani lokaci fiye. Sabuwar ƙoda a farko tana zubar da fitsari babu tsimi, kuma idan jiki ya bushe, ita da fankiriyas duka suna cikin haɗari. Haka nan wanda ya saba da hawan jini sai ya ga jininsa yana faɗuwa da zarar ya miƙe tsaye, jiri ya ɗebe shi. Jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini idan mutum ya tashi su ma sugan ya raunana su. Maganinsa tashi a hankali, zama a bakin gado kafin a miƙe, da shan ruwa, wani lokaci har da ƙarin gishiri bisa umarnin likita, abin da a da aka hana shi sam. Yawanci wannan yakan lafa cikin makonni ko watanni.

Idan komai ya tafi daidai ana sallama bayan mako ɗaya zuwa uku. Akan bar wata siririyar roba a cikin hanyar fitsarin sabuwar ƙoda, a cire ta bayan mako huɗu zuwa shida. Ba ɗaukar kaya mai nauyi sai an yi mako shida zuwa takwas, don kada ɗinkin ciki ya buɗe ya zama ƙaba. Tuƙin mota sai bayan wata guda ko fiye. Komawa aiki, wata uku ga mafi yawan mutane. Komawa asibiti kafin cikar wata ukun nan abu ne da ya zama ruwan dare, kuma bai nuna dashen ya lalace ba.

Abin da mutum zai fito da shi daga asibiti jaka ce ta magani, kuma a cikinta akwai guda uku da su ne ginshiƙi: takurolimus, maikofenolet, da furedinisolon ga cibiyoyin da ke amfani da shi. Aikinsu su kwantar da garkuwar jiki don kada ta gane baƙin gaɓoɓin ta afka musu. Babu ranar da za a ce an gama shan su. Akwai darasi mai ƙarfi a kan wannan daga Minnesota. Ƙungiyar David Sutherland ta taɓa dasa wa masu ciwon suga rabin fankiriyas daga 'yan'uwansu tagwaye masu kama ɗaya. Tunda jikinsu ɗaya ne a halitta, ba a ba su maganin danne garkuwa ba, kamar yadda Joseph Murray bai buƙace shi ba a dashen ƙoda na farko da ya yi nasara tsakanin tagwaye a Boston a 1954. Jikin bai ƙi gaɓar ba, amma cikin makonni zuwa watanni ciwon suga ya dawo, domin garkuwar da ta kashe ƙwayoyin insulin na farko ba ta manta ba. Ashe maganin yaƙi biyu yake yi: yana hana jiki ƙin baƙuwar gaɓa, yana kuma hana tsohon ciwon farfaɗowa.

Takurolimus shi ne mai wuyar sha'ani. Ana shan sa kowace sa'a 12, ƙarfe takwas na safe da takwas na dare misali, sai dai nau'in da aka yi don sha sau ɗaya a rana. Tazarar da ke tsakanin ya yi kaɗan da ya yi yawa siririya ce ƙwarai. Idan ya yi kaɗan a jini, jiki ya ƙi dashen. Idan ya yi yawa, ya cutar da ƙodar da aka sa shi ya tsare, ya sa hannu karkarwa, ya kawo ciwon kai da zubar gashi, har ma ya raunana ƙwayoyin insulin. Saboda haka ake auna shi a jini, kuma awon yana da ƙa'ida. Ranar asibiti majinyaci zai tashi da sassafe, ya auna nauyinsa da zafin jikinsa da bugun jininsa ya rubuta a littafi, ya sa ƙwayar safe a aljihu ba tare da ya sha ba, ya je a ɗebi jini daidai lokacin da na daren jiya ya cika sa'a 12, sannan ya fita ya haɗiye ta. Wanda ya manta ya sha kafin a ɗebi jinin, sakamakon zai nuna maganin ya yi yawa, likita ya rage masa bisa kuskure. Wannan zirga-zirga sau biyu ko uku ce a mako a watan farko, sannan ta koma mako-mako, sannan wata-wata, har ta kai sau uku ko huɗu a shekara.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a nan. Mafi yawan mutanen da asalinsu Afirka ne suna da wani nau'in sinadari a hanta da hanji, wanda likitoci ke kira CYP3A5, mai saurin narkar da takurolimus. Ma'anarsa Bahaushen da aka yi wa dashe a Landan ko Jidda yana iya buƙatar adadin da ya fi na Baturen da ke gadon kusa da shi kafin maganin ya kai matakin da ake so a jini. Don haka kada wani ya dubi na wani ya ce nasa ya yi yawa.

Sannan magunguna da dama suna rikita takurolimus. Rifamfisin, wanda ke cikin maganin tarin fuka, yana zubar da matakinsa ƙasa warwas. Eritoromaisin da kilaritoromaisin da fulukonazol suna hauhawar da shi. Babban lemon nan mai ɗaci da ake kira girefurut shi ma haka. Gudawa kanta tana ɗaga shi. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda ake saya a kemis ba tare da takarda ba, guba ne ga ƙodar da aka dasa. Farasitamol ne aka yarda da shi. Batun jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa, ra'ayina a kansa ba shi da kwana: a bar su baki ɗaya. Ba raina gado ba ne. Babu wanda ya auna abin da saiwar da ke cikin kwalbar za ta yi wa takurolimus, kuma mai ƙoda ɗaya ta aro ba shi da sararin gwaji.

Abin da ya sa na ce riƙon ya fi tiyatar wuya shi ne, ƙin dashe ba ya zuwa da sallama. Sau da yawa babu zazzaɓi, babu ciwo, mutum yana cin abincinsa yana jin garau, alhali garkuwa ta fara cin gaɓar. Wanda ya ce zai jira sai ya ga suga ya hau, ya makara, domin suga ba ya hawa sai ɓarna ta yi nisa. Gwajin jini ne yake tona asiri da wuri: kiriyatinin ga ƙoda, amilez da lifez ga fankiriyas. A nan haɗa gaɓoɓin biyu daga mai bayarwa guda yake da wata fa'ida. Ƙoda ta fi saurin nuna damuwa, don haka hawan kiriyatinin yakan zama gargaɗi ga duka biyun, ko da yake wani lokaci fankiriyas takan shiga matsala ita kaɗai. Idan aka yi zargi sai a tsakuro ɗan nama da allura a duba, kuma ƙin da aka kama da wuri yawanci yana jin magani. Lokacin da na fi ji wa majinyaci tsoro shi ne shekara ta biyu da ta uku, sa'adda ƙarfi ya dawo, aka koma kasuwa ko ofis, kowa yana cewa ka warke. A lokacin ne ake fara tsallake ƙwayar dare, a ɗage zuwa asibiti saboda biki ko tafiya. Matasa sun fi kowa faɗawa wannan rami, kuma likitocin dashe a ko'ina sun san haka.

Danne garkuwa yana da kuɗin da ake biya, wato kamuwa da cuta. A watanni shida na farko, lokacin da maganin ya fi ƙarfi, ana ba da Septrin don kare huhu daga wata cuta da ba ta kama mai cikakkiyar garkuwa, da balgansaikulobir na wata uku zuwa shida don ƙwayar cutar CMV, ana kuma bibiyar wata ƙwayar mai suna BK da ke ɓuya a ƙoda. Zafin jiki da ya kai 38 ba na sha farasitamol a kwanta ba ne, na kiran asibiti ne a daren. Abinci sai wanda ya dahu sosai, nono da madara sai waɗanda aka tafasa, ruwa sai mai tsabta, ganye da 'ya'yan itace a wanke su da kyau. Mai kiwon tattabaru ya bar wa wani sharar ɗakinsu, domin kashinsu yana ɗauke da wani naman gwari da ke iya hawa ƙwaƙwalwa. Allurar rigakafi mai ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, irin ta shawara da ta ƙyanda, an hana ta bayan dashe, don haka wanda zai riƙa zuwa ƙasashenmu ya yi maganarta da likita tun kafin aikin. Da tafiyar shekaru kuma akwai ƙarin haɗarin wasu nau'o'in daji, na fata da na ƙwayoyin jini, da kuma wanda ake kira Kaposi, wanda aka fi gani a 'yan Afirka da mutanen Gabas ta Tsakiya.

Dubiya tana cikin abin da ke buƙatar a yi magana a fili. Zuwa gaishe da mara lafiya haƙƙi ne, kuma babu mai son a ce ya kori 'yan'uwa. Amma ɗaki cike da mutane, wannan yana tari, wancan ya zo da yaro mai mura, kowa yana miƙa hannu, haɗari ne na gaske a watannin farko. Ya kamata wani babba a gidan ya ɗauki nauyin faɗa wa jama'a da lalama cewa a yi addu'a daga nesa, a gaisa ta waya, wanda ya shigo kuma ya wanke hannu. Idan aka bar wa majinyacin, kunya ba za ta bari ya faɗa ba.

To me dashen yake gyarawa, me kuma ba ya gyarawa? Faɗuwar suga ba tare da gargaɗi ba, wadda take sumar da mutum a kan hanya ko cikin barci, tana ƙarewa. Ga da yawa wannan ya fi barin allura daɗi. Lalacewar jijiyoyin ƙafa takan tsaya, wani lokaci ta ɗan yi sauƙi cikin shekaru. A 1998 Paola Fioretto da abokan aikinta sun nuna cewa a jikin waɗanda aka dasa wa fankiriyas kaɗai, ɓarnar da suga ya yi wa ƙodojinsu ta fara gyaruwa bayan shekara goma, abin da ba a gani ba a shekara biyar. Jiki yana gyara, amma da tafiyar hawainiya. Ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, kuma ciwon ido yana iya ɗan tsananta a watannin farko sa'adda suga ya sauka farat ɗaya, don haka likitan ido yana nan a jerin waɗanda za a riƙa gani. Ƙafa ma ba a daina duba ta kullum ba. Wanda tafin ƙafarsa ba ya jin zafi, ga garkuwa a danne, ƙaramar ƙaya tana iya zama gyambo. Zuciya kuwa ita ce babbar mai ɗauke masu dashe a ƙarshe, don haka taba sigari ta haramta gare shi ta fuskar lafiya, ƙiba kuma abar gudu ce, musamman da yake furedinisolon yana buɗe ciki kuma an sake masa mara ya ci abin da aka daɗe da hana shi.

Mata da yawa da al'adarsu ta ɗauke lokacin wankin ƙoda sukan ga ta dawo, haihuwa kuma tana yiwuwa. Sai dai ana so a jira aƙalla shekara guda, kuma dole a canza maikofenolet da wani magani tun kafin a ɗauki ciki, domin yana nakasa jariri. Azumi ma tambaya ce da ke zuwa kowace shekara. Galibin likitoci ba sa yarda da shi a shekarar farko, saboda bushewar jiki da kuma tazarar sa'a 12 ta magani wadda ba ta dacewa da tsawon yini. Bayan nan ya danganta da lafiyar ƙodar, kuma shawara ce ta likitan da ke riƙe da fayil ɗin mutum. Addini dai ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame.

Ba a cika maganar damuwar rai ba, alhali tana da nauyi. Akwai wanda zai ci gaba da huda yatsa sau biyar a rana wata da watanni, ba ya yarda cewa sugan zai zauna. Akwai wanda duk daren jajiberin gwajin jini ba ya runtsawa. Furedinisolon yana kawo saurin fushi da rashin barci, matar gida ko miji su rasa gane kan mutumin. Sannan ga sanin cewa wani gida sun yi makoki a ranar da naka gidan suka yi murna. A Ingila da Amurka akwai tsarin rubuta wa iyalan mamacin wasiƙa ta hannun asibiti, ba tare da bayyana suna ba, kuma mutane da yawa sukan samu sauƙin rai da ita. Wanda baƙin ciki ya danne bayan dashe bai yi butulci ba, kuma ya cancanci a kai shi ga mai ba da shawara kamar yadda za a kai shi idan ƙafarsa ta kumbura.

Alƙaluman manyan cibiyoyi suna da ƙarfafa gwiwa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna raye bayan shekara guda. Kimanin kashi 85 zuwa 90 fankiriyas ɗinsu tana aiki a lokacin, kuma fiye da kashi 70 bayan shekara biyar. Wadda ta tsallake shekarar farko takan wuce shekara goma. Idan ta gaza, mutum yakan koma insulin, ƙodar kuma ta ci gaba da aikinta, wani lokaci a sake dasa masa wata.

A ƙasashenmu wannan aiki bai zauna ba tukuna, kuma dalilin a fili yake. Dashen ƙoda ya fara a Nijeriya a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi sahu a 2002, amma duka da ƙodar mai rai ake yi, ɗan'uwa ya ba ɗan'uwa. Mutum yana da ƙoda biyu, fankiriyas kuwa ɗaya ce, don haka kusan kullum daga mamaci ake samun ta, wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu injin yana riƙe da numfashinsa. Wannan yana buƙatar tsari na ƙasa: gadajen kulawa ta musamman, ƙa'idar tabbatar da mutuwa, jerin masu jira, da amincewar jama'a. Ta fuskar addini an daɗe da tattauna batun. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi matsaya kan mutuwar ƙwaƙwalwa a Amman a 1986, ta kuma halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da izininsa ko na magadansa a Jidda a 1988, bisa sharaɗin ba saye ba sayarwa, ko da yake akwai malaman da ba su gamsu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Nijeriya ita ma ta haramta cinikin gaɓoɓi. A nahiyarmu Afirka ta Kudu tana yin dashen haɗin ƙoda da fankiriyas, a Johannesburg.

Mai ciwon suga da ƙodarsa ta gaza a Kano ko Damagaram, abin da ya fi kusa da shi shi ne ƙodar ɗan'uwa tare da ci gaba da insulin, kuma wannan zaɓi ne mai kyau wanda likitocin Amurka ma suke ba da shawararsa ga wanda jiran mamaci zai yi wa tsawo. Kusan duk abin da aka faɗa a kan magani da gwaji da kariya daga cuta ya hau kansa shi ma, har da ƙarin gidan sauro da gwajin tarin fuka da ciwon hanta. Wanda kuma ya samu hanyar yin dashen haɗin a waje, ya sani cewa ƙasashe suna fifita 'yan ƙasarsu a gaɓoɓin mamata, don haka duk dillalin da ya yi masa alkawarin fankiriyas cikin mako biyu abin tuhuma ne. Kafin a sayar da gona ko gida, a zauna a lissafa kuɗin takurolimus da maikofenolet na shekara biyar, waɗanda daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. A nemo ɗakin gwajin da ke auna takurolimus a jini, a san kwana nawa sakamakonsa yake ɗauka. A samu likitan ƙoda a gida wanda ya yarda ya karɓi majinyacin, a haɗa shi da cibiyar da za ta yi aikin tun kafin a hau jirgi, kuma a shirya zaman aƙalla wata uku kusa da asibitin can kafin a yi maganar dawowa.